Rauda da Cigiyar da Ta Ƙi Sauka

A gidan Baba Gana na Toranke ba a yar da komai. Gwangwanin madara in ya ƙare ya koma na gishiri, in ya yi tsatsa ya koma na ƙusa, in ya huje a liƙe shi da ƙaro ya sake komawa na gishiri. Kakanninsu daga Borno suka taso da jakuna tun ba a san kwalta ba a ƙasar Ajingi, suka zauna, suka yi noma, suka shiga fataucin gyaɗa. Barbarcin ya zube musu a hanya, sai sunaye da wannan riƙon kaya suka iso.

A nan aka haifi Rauda, autar matarsa Hajja, kuma ita ta kwashe halin gidan kaf. Tun tana firamare littafi ɗaya take yi wa darasi uku. Da ta tafi Kano karatun kwamfuta an zaci birni zai koya mata ɓarna. Ina. Da ledar da ta tafi da ita ta dawo. Ta yi aure a Gaya, gidan wani tela mai haƙuri da ake kira Muhammad Bashir, ta kama ɗan shago kusa da tasha tana buga wa mutane takardu. Yanzu shekararta talatin da huɗu, 'ya'yanta uku, kuma duk mai harkar gyaɗa daga Gaya zuwa Ajingi ya san sunanta ko bai san fuskarta ba, don ita ke riƙe da shafin intanet na ƙungiyarsu.

Shafin ba wani abin kallo ba ne. Farashin kwano ne kowace safiya, sai wuri guda a can sama inda take liƙa hoto in babban abu ya faru, rasuwa ko taro ko cigiyar saniya. Rubutun ma a jikin hoton take yin sa, manya-manya, saboda masu idon tsufa. Kuma duk hoton da ta taɓa liƙawa a wurin suna ɗaya take ba shi: sanarwa. In sabo ya zo sai ta juye shi cikin sunan tsoho. Gwangwanin madara ke nan.

To shafin ba a shagonta yake kwana ba. Akwai wata babbar na'ura a wani gari mai nisa, saba suke ce mata, ita ce uwar ɗakinsa. Duk wayar da ke son gani sai ta aika can an ɗebo mata, kuma kowane aike data yake ci. Wajen ƙarshen damina masu gyaɗa suka ishi Rauda da ƙorafi, wai shafin na shanye musu data kamar rairayi da ruwa. Ita da ko wayarta ba ta buɗe shafin da ita don tsimi, maganar ta shige ta. Sai ta rubuta wa sabar doka: duk wayar da ta karɓi hoto, a gaya mata ta adana shi a cikinta shekara guda cur, kada ta sake aikowa nemansa. Nufinta hotunan da ba sa canzawa, irin tambarin ƙungiya da fuskar shugaba, wadda ko a fili ba ta canzawa. Amma dokar ba ta ware kowa ba, sai dai a lokacin wurin sanarwar wayam yake. Jama'a suka ga datarsu ta fara kwana, suka yi ta sa mata albarka.

Kwana shida bayan haka Baba Gana ya ɓata.

Wato ba ɓata ya yi ba. A kasuwa ya ji rasuwar wani tsohon abokin fataucinsa a wani ƙauye bayan Gaya, ya hau babur daga nan bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa mai shekara saba'in ba ya neman izinin fita. Ruwa ya tsuge, rafi ya kawo, wayarsa ta mutu. Kwana biyu ba shi ba labarinsa. Hajja ta daina ɗora tukunya. Abdulmumin, babban ɗansa, ya iso shagon Rauda a Gaya da hoton tsohon a hannu, ya tsaya a kanta tana rubuta cigiya.

"Ki ƙara da cewa yana da mantuwa," in ji shi. "In ba a ce haka ba, ba wanda zai kula. Ki ce ko ya ce lafiyarsa ƙalau kada a biye masa, a kawo shi gida."

"Yaya, Baban da ke tuna farashin gyaɗar shekarar da aka haife ka?"

"Ke dai rubuta. In an gan shi ma goge."

Ta rubuta, don ita ma ta tsorata. Ta liƙa. Kafin la'asar ba mai waya a kasuwannin nan biyu da bai gani ba.

A kwana na uku da hantsi sai ga Baba Gana ya shigo gida da dabinon sadaka a aljihu, yana tambayar me ya sa ba a ba tumaki ruwa ba. Aka yi kuka, aka yi hamdala, aka haɗa baki ba a gaya masa abin da aka rubuta ba. Ran nan Rauda ta haɗa sabon hoto mai cewa an gan shi lafiya lau, ta juye shi cikin sunan nan nata na kullum. Ta duba a kwamfutarta, wadda ta hana ajiye komai saboda aikinta, ta ga sabon. Ta rufe ta sha ruwa.

Ranar kasuwar Ajingi ta zagayo. Baba Gana na zaune a rumfarsa, kwanon awonsa a gaba, sai ga Barau mai adaidaita, mutumin kirki mai iyali, ya durƙusa.

"Baba, sannu da hutawa. Taso mu je gida."

"Gidan wa?"

"Gidanka mana. Ana can ana nemanka."

"Daga gidan nake. Da kokon Hajja a cikina."

Barau ya dubi wayarsa, ya dubi mutanen da suka fara taruwa, ya girgiza kai da tausayi. "Kun ji ko? Dama an ce haka zai ce."

Aka ɗauke shi cak, cikin ladabi, wani na riƙe masa da takalmi, wani na cewa Allah ya sa mu gama da namu hankalin lafiya. Yana faɗa ana cewa sannu. Yana rantsuwa ana ƙara tausaya masa. Har ƙofar gida Barau ya sauke shi, ya ƙi karɓar ko kwabo, wai don Allah ya yi.

Mutanen gida suka ce Barau ne bai ji labari ba, aka yi dariya a ɓoye. Sai dai bayan kwana huɗu wani direban bas ya tsinci tsohon a tashar Gaya ya kawo shi. Sati na gaba wani malamin makaranta ya goyo shi a babur. Kowa da safe ya buɗe shafi don ganin farashi, sai ya ga cigiya na nan a sama, sai ya ce ashe ya sake ɓata. Kowane dawo da shi da aka yi kuma shaida ya zama. Maganar ta tashi daga ya ɓata ta koma ɓata yake yi.

Duk wannan ya shanye. Abin da ya karya shi Hanne ce, wata mata da ta yi shekara ashirin tana kawo masa ɓararriyar gyaɗa. Ya auna mata kwano tara. Ta yi godiya, ta ja buhunta a hankali zuwa rumfar maƙwabci, ta ce a ɗan sake duba mata. Shekara arba'in ba a taɓa maimaita awon Gana ba. Ya kife kwanonsa. Wannan karon da ƙafarsa ya nemi mota, ya je gida ya rataye kwanon a ƙusar zaure, alhali sabuwar gyaɗa saura kwana goma ta cika kasuwa. A motar ne wani ya karanta masa abin da ke jikin hoton, kalma bayan kalma.

Abdulmumin ya ce dama tsoho ya isa hutu. Hajja kuwa waya ta ɗauka.

"Rauda, ubanki ya bar cin tuwo. Ya ce tunda 'yar cikinsa ta rubuta wa duniya ya zautu, shi da kasuwa har abada."

"Hajja, na sauke abin nan tun ranar da ya dawo. Ga shi ina kallo."

"To kin sauke a Gaya. A Ajingi yana rataye."

Ran kasuwa Rauda ta rufe shago, ta saɓa kwamfuta a jaka ta hau bas. Rumfar ubanta wayam, akuyar wani na kwance a ciki. A gefe Hansai mai fura na zaune, Bafillatana, abokiyar wasan Baba Gana tun suna da haƙora, da wata ƙatuwar waya da ɗanta ya aiko mata daga kudu.

"A'a, 'yar bawana ce? Ina Babarbaren? An ce hanyar gida ta gagare shi. Dama ku in ba Bafillace a gaba ai sai dawa."

"Inna Hansai, ara mini wayarki."

Ta buɗe shafin. Farashin yau ne, daidai yadda ta rubuta da asuba. A samansa kuwa ga ubanta yana kallonta, ga manyan baƙaƙen nan nata, kada a biye masa. Ta shiga cikin wayar ta zubar da duk abin da ta adana, ta sake buɗewa, sai ga sabon hoton ya fito kamar bai taɓa ɓuya ba.

Nan ta gane. Wayar ba ta aika ko'ina ba. Shafi ya ce mata a nuna sanarwa, ta ce ai ina da ita a ɗaka, ta ɗumama tuwon sati uku ta miƙa. Rauda ta ɗora kwamfuta a cinya, kusa da ƙwaryar nono, ta nemi hoton kai tsaye daga sabar don ta karanta 'yar takardar da ke rako shi. Ga ta nan: a adana, kwana ɗari uku da sittin da biyar. Ba aljani, ba maƙiyi. Hannunta ne. Kuma abin haushin, baƙon da bai taɓa duba cigiyar ba shi ke ganin sabon hoto. Wanda ya damu da tsohon har ya duba a ranar, shi aka bar wa ɗumamen.

Nan take ta karya dokar, ta mai da shekara minti biyar. Ta je ta ari wayar mai shayi ta gwada. Cigiya na nan daram. To da ma mana. Wanda ka sallama ka ce kada ya dawo sai baɗi, ta ina zai ji ka sake shawara?

Sai ta bi kasuwa rumfa-rumfa tana roƙon waya tana sharewa. Mata suka ba ta. Maza kuwa, namiji ya ba ka makullin rumbunsa kafin ya ba ka wayarsa. Wannan ya ce caji ya ƙare, wancan ya ce ta ƙaninsa ce, wani ya tura tasa can ƙasan aljihu yana kallon sama. Zuwa azahar waya goma sha ɗaya ta share, ga ɗaruruwa a Ajingi, ga na Gaya, ga na direbobin da ke kan hanyar Kano. Ta zauna a bencin Hansai ƙafa duk ƙura.

"Sha fura," in ji Hansai. Wasan ya bar muryarta. "Ki gaya wa bawan nan nawa kasuwa ba daɗi ba shi. Kada dai ki ce ni na faɗa."

Bayan la'asar ta isa Toranke. Baba Gana na tsakar gida a kan buzu, ya rame a wuya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce lafiya, ya kau da kai. Ta samu gefen Hajja ta zauna, don ba a zuwa wa mai ciwo da bayanin sunan cutarsa kawai.

Ran nan aka fara kawo gyaɗar gonarsu ta bayan gari. Abdulmumin ya kwaso buhuna daga rumbu, masu jan zane a jiki, zai fara zubawa.

"Ajiye," in ji tsohon.

"Baba, ai masu kyau ne. Ko ɓera bai taɓa su ba."

"Na ce buhun ya lalace? Jan zanen nan na bara ne. Mai saye in ya hango shi ba zai kwance baki ba, zai ce ta bara ce ya wuce, ko zinariya ka zuba a ciki. Wanda ya san buhu ba ya leƙa shi. Juya su, ka kawo shuni a sake alama. Shekara nawa ina gaya maka, kuma wai ni ne mai mantuwa."

A gidan da ba a yar da komai, abu ɗaya Baba Gana ke sakewa duk shekara, alamar buhu. Rauda ta tashi tana kallon haka tun ba ta kai tsayin buhun ba, amma sai ran nan ta ji shi. Wayoyin nan kowace safiya suna aikawa a ɗebo musu farashi, kuma a cikin wannan saƙon ne ake gaya musu sunan hoton da za su nuna. Sunan suka sani, shi ya sa ba sa leƙawa. In aka kira musu sunan da ba su taɓa ji ba, dole su aika.

Ta matso gabansa.

"Baba, ni na rubuta, ni kuma na ɗaure shi a wayoyin mutane ban sani ba. Ka yafe mini."

"Yafewa ba ta sauke hoto."

"Yanzu zan sauke shi. Amma sai ka tsaya na ɗauki sabo."

"Ni da hoto kuma? Na farkon ma me ya haifa?"

Hajja ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da babbar rigarsa ta Juma'a, ta wuce zaure ta sauko da kwanon daga ƙusa, ta dire su a gabansa.

"Tashi, Malam. In ka ƙi, wancan da ka fito kamar an kama ka da akuyar mutane shi za a yi ta kallo har baɗi."

Ya yi ƙwafa, ya sa rigar. Ya ƙi murmushi. Ya cika kwanon da sabuwar gyaɗa, ya yi mata tozo yadda ya saba, ya riƙe a ƙirji ya harari wayar.

"Me zan rubuta?" in ji Rauda.

"Rubuta, Gana na nan da hankalinsa. Mai shakka ya kawo gyaɗarsa a auna." Ya waiga ya dubi ɗansa. "Ki ƙara da cewa Abdulmumin ne mai mantuwa."

"Wurin ba zai ɗauka ba, Baba."

"Naki ya ɗauka ai."

Sabis a gidan wuri ɗaya yake sauka, kan tsohon turmin da ke jikin katanga. Nan Rauda ta ɗora kwamfuta, ta ba hoton sabon suna da kwanan watan ranar a jikinsa, ta gyara shafi ya kira shi da wannan sunan. Hansai ba za ta yi shaida ba tunda an share tata, mai tsohon ɗumame ake nema. Ta karɓi lambar Barau a wurin yayanta, ta buɗe murya kowa na ji.

"Malam Barau, Rauda ce, 'yar Baba Gana."

"Hajiya, wallahi yau ko ganinsa ban yi ba."

"Na sani. Buɗe shafin ka gaya mini abin da ka gani."

Hajja ta dafa katanga. Tsohon ya yi kamar buhuna yake dubawa.

"Na ga Baba da kwano," in ji Barau a hankali. "Hararata yake yi." Aka ji yana haɗa baƙaƙen a bakinsa. "Hajiya, wato duk ɗaukar nan da muka yi..."

"Lafiyarsa ƙalau."

"Ai ya faɗa. Wallahi ya faɗa."

Rauda ta sauka daga jikin turmin ta zauna a ƙasa. Hajja ta wuce madafa. Da aka kawo tuwo Baba Gana ya ci malmala biyu, ya ce miyar ba gishiri.

Kasuwar da ta biyo baya ita ce ta farkon sabuwar gyaɗa. Tun da hantsi yana rumfa, ya kori akuyar. Masu zuwa ba da haƙuri suka fi masu sayarwa yawa, ya bar su suna ta yi. Can sai ga Hanne da buhunta. Ya auna, kwano goma sha ɗaya. Ta fara ɗaure bakin buhu.

"Ba za ki kai wa maƙwabci ya duba ba?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Haba, Baba."

"An tsinto bawana," in ji Hansai daga gefe. "Wa zan ba tukuici?"

"Ba wa shanunki. Su suka fi ki sanin hanya."

Tun daga lokacin kowane hoto da Rauda za ta liƙa sai ta raɗa masa sunansa da kwanan wata, ko da yake har yau in za ta bar tsohon suna tana jin kamar ta jefar da gwangwani mai kyau. Tsohuwar cigiyar kuwa tana nan kwance a cikin wayoyin mutane, ba mai kiran sunanta, har shekararta ta cika ta ruɓe.

Da kasuwa ta watse ran nan, Baba Gana ya tsaya a bakin titi da kwanonsa a hammata. Adaidaita uku suka wuce shi, ba wanda ya ko rage gudu. Ya ciro wayarsa ya kira Gaya.

"Rauda, abin naki ya yi."

"Alhamdu lillahi, Baba. Ba wanda ya taɓa ka?"

"Ba kowa. Rabin awa ke nan ina tsaye a rana. Da can har ƙofar gida ake kai ni, kyauta, ana riƙe mini takalmi."